Matar nan mai kayan ruwan hoda

Wallahi raina na sosuwa duk sanda na ga ana yi wa Barbara Cartland, marubuciyar littattafan soyayya 'yar Ingila, dariya, wai tsohuwa mai kayan ruwan hoda da kwalliya har ta wuce misali, wai littattafanta duk labari ɗaya ne, budurwa ta haɗu da wani basarake a sha wahala kaɗan a ƙarshe a yi aure. To ai gaskiya ne, haka take rubutu kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Amma masu dariyar nan sun san abin da matar ta gani kuwa?

A Birmingham ta Ingila aka haife ta a 1901. Tana budurwa aka kashe babanta a yaƙin duniya na ɗaya, 1918, sannan a 1940 ƙannenta maza guda biyu Ronald da Anthony suka mutu a fagen daga a yaƙi na biyu, kwana ɗaya tak tsakaninsu, kuma Ronald ɗin nan ɗan majalisa ne fa. Aurenta na fari ma mutuwa ya yi. Mace ta sha wannan duka sannan ta ce ita labarinta sai ya ƙare da farin ciki, ni kam na fahimce ta sosai.

Littafi 723 ta rubuta! Kishingiɗa take yi a kujera tana faɗa sakatariya na rubutawa, akwai shekarar da ta yi 23 har ta shiga kundin Guinness. 'Yarta Raine kuma ita ce ta auri baban Gimbiya Diana, mutane sun fi son kawo wannan zancen, ni bai dame ni ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne rigunan amare. Lokacin yaƙin duniya na biyu yadi ya yi wuya a Birtaniya sai da katin rabo na gwamnati ake sayen tufafi, 'yan matan da ke aikin soja kuma za su yi aure babu farar riga, sai ta dinga bi tana sayen rigunan da aka taɓa sawa tana tarawa, amarya ta ara ta sa ranar bikinta ta dawo da ita wata ma ta sa. Ko sunan wasu amaren ba ta sani ba.

Ta rasu a 2000 tana da shekara 98, aka tarar da littattafai 160 da ta bari ba a buga ba.