Layi ɗaya na Haskell da ya hana ni barci

Haskell yaren rubuta manhajar kwamfuta ne. Layin ɗan guntu ne: `gyara s = show (read s)`. Niyyata in karɓi rubutu, in karanta shi ya zama ƙima, in sake mayar da shi rubutu a tsaftace. GHC, manhajar da ke duba Haskell ta fassara shi ga kwamfuta, ya ce sam, wai akwai nau'in ƙima da ya kasa gane ko wanne ne. Na fi awa ina zazzare ido a kan allo, ina ganin dai fitina ce kawai.

Ga inda gizo ke saƙar. `read` yana zuwa da sharaɗin `Read a`, `show` kuma da `Show a`, inda harafin `a` ke tsaye a madadin nau'in ƙimar. Ita wannan `a` ɗin a tsakiya ta maƙale: `read` ya haife ta, `show` ya haɗiye ta, ba a gan ta a shiga ba, ba a gan ta a fita ba. Nau'in aikin sai ya zama `(Read a, Show a) => String -> String`. Dokar kuwa ita ce, duk harafin da ya bayyana a hagun `=>` dole a iya gano shi daga abin da ke dama.

Na ɗauka tsaurin banza ne, sai da na gane cewa sharaɗi kaya ne da GHC ke miƙa wa aikin a ɓoye, wato tarin ayyukan wannan nau'in. To na wa zai miƙa? In ya ɗauki "5" a matsayin `Int` (cikakkiyar lamba), "5" za ta dawo. In `Double` ne (lamba mai ɗigo), "5.0". Amsa biyu, ni ban zaɓa masa ba.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne `show (2 + 3)` yana aiki lafiya lau. Ashe lambobi na da gata: in `Num`, sharaɗin lambobi, na cikin sharuɗɗan, kuma dukkansu na asalin laburaren Haskell ne, sai a gwada `Integer`, in bai yi ba `Double`. GHCi, wurin gwada layi ɗaya-ɗaya na GHC, ma ya fi sassauci, har ya yi yawa a ganina. Na rubuta masa `show (read "5")`, ya zaɓi `()` abinsa, nau'in da ba lamba ba ne, sannan ya faɗi da "no parse", wato ya kasa karantawa.

Na gyara da `show (read s :: Int)`. Tun GHC 8.0 na 2016 ana iya rubuta `read @Int s` in an kunna ƙarin fasalin da ake kira TypeApplications, amma hannuna ya riga ya saba da tsohuwar hanya.