Talata: abin da aka gani a zuciyar Gwaggo

Yau aka yi wa Gwaggo eko na zuciya, wato awon da na'ura ke nuna hoton cikin zuciya tana bugawa. Tun daren Asabar take kwance a asibiti, bayan ciwon ƙirji ya kama ta da zufa mai sanyi har ta kasa magana. Awon wutar zuciya da na jini sun nuna bugun zuciya ne, wato jini ya kasa isa wani ɓangare na naman zuciyar. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne ba ta da hawan jini, ba ta da ciwon sukari, ba ta da ƙiba, kuma shekarunta 46 kacal.

Da hantsi na iso daga unguwar Zariya a kabu-kabu, da kunun gyaɗa a fulas. Likita ya bar ni na tsaya kusa da na'urar. Na ga wani dunƙule yana lilo a cikin zuciyar, yana gaba yana baya da kowane bugu. Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, mi kika gani?" Likitan ne ya amsa: "Hajiya, ƙari ne, amma ga dukkan alama ba sankara ba ce. Kuma ana cire shi."

Sunansa mikzoma. Ƙarin da ke tsirowa daga zuciya kanta abu ne da ba kasafai ake gani ba, amma a cikinsu wannan ya fi yawa ga manya, ya kuma fi samun mata. Kusan kashi 75 cikin ɗari a ɗakin sama na hagu, ɗaya daga ɗakunan zuciya huɗu, yake fitowa, rataye da ɗan siririn tushe a bangon da ya raba ɗakunan sama biyu. Nama ne mai laushi, yana iya gutsurewa, jini ya kwashi gutsuren. Yawanci ƙwaƙwalwa yake nufa, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Da wuya ƙwarai ya faɗa jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta, amma likita ya ce zatonsa mafi ƙarfi abin da ya sami Gwaggo ke nan.

Inda jikina ya yi sanyi shi ne da ya tambaye ta ko takan suma in ta sunkuya ko ta juya kwanciya. Tun damina take faɗa mana haka. Numfashi ya ɗauke mata wajen shara, jiri ya kwashe ta in ta ɗago daga sujada, ga zazzaɓin dare, ga rama. An sha ba ta maganin zazzaɓin sauro. Wasu a dangi suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutun sha. Ashe ƙarin ne ke faɗawa bakin ƙofar da jini ke bi zuwa ɗakin ƙasa, ya rufe ta kamar faifai a bakin tulu. Ba na ganin laifin kowa, don alamomin suna kama da na cututtukan da muka saba da su. Amma awon nan bai kai rabin awa ba, babu allura, babu yanka, kuma da an yi shi tun a lokacin da an gani.

Magani ba ya narkar da shi, sai aiki. Tun 1954 wani likita a Suwidin, Clarence Crafoord, ya fara cire irinsa cikin nasara, kuma in an cire shi da tushensa ba kasafai yake dawowa ba. Sai dai ba a so a jinkirta, don wani gutsuren na iya ɓallewa kowane lokaci.

Bayan la'asar Baba ya tara ƴan'uwa a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta harabar asibitin. Za a rubuta mata takardar zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, can za a yanke inda za a yi aikin. Yaya ya ce gobe zai kai raguna biyu kasuwa, ni kuma zan kira ƴan'uwanmu na Katsina da Kano a haɗa abin da ya samu. Gwaggo ta sha rabin kofin kunu da magariba. Ni zan kwana wurinta yau. Duk wanda ya karanta wannan, ya sa ta a addu'a.