Bayan an tashi daga bita, wa malami zai kira?

Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a jihar Katsina, kuma makullin ɗakin kwamfutarmu a hannuna yake. Don haka duk malamin da na'ura ta ƙi masa, ni yake fara nema, kuma daga nan na fahimci irin tallafin da muke buƙata.

Ba sai an tsaya gardama kan muhimmancin kwamfuta ba. Tun 2015 JAMB ta daina jarabawar takarda gaba ɗaya. A 2024 WAEC ta fara gwada ta kwamfuta da masu zana jarabawa daga waje. Mu kanmu malamai, jarabawar samun lasisin TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, a kan kwamfuta ake yin ta. Yaron da ya zauna gabana shekara shida, wata rana zai zauna gaban allon na'ura agogo na gudu, kuma ba na son ranar ta zama karon farko da ya taɓa linzamin kwamfuta.

Abin da aka saba yi mana shi ne bita. Takarda za ta zo a ce a turo malamai biyu babban birni, a yi kwanaki ana haska bayani a bango, a ba da alawus da takardar shaida, kowa ya kama hanya. Ban raina bita ba. A can na fara jin labarin Nigeria Learning Passport, dandalin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, wanda ke da darussa har da na Hausa. Amma matsalar tana farawa ne ran Litinin da ka dawo. Babu wuta. In an tayar da janareta, kwamfuta ta nemi lambar sirrin da wanda ya girka ta ya tafi da ita. In ta buɗe, majigi ya ƙi haɗuwa da ita, ga aji cike da yara sun zuba maka ido. Wanda ya koyar da kai ya koma Abuja ko Legas. Malamin da hakan ta same shi sau ɗaya, da wuya ya sake gwadawa.

Akwai kuma tsoro, wanda ba a faɗarsa a wurin bita. Shugaban makaranta shi ya sa hannu ya karɓi kayan, ya san in ɗaya ta lalace takardar tuhuma za ta biyo baya. Saboda haka kulle ɗakin ya fi masa kwanciyar hankali, kuma ban ga laifinsa sosai ba. Malami ma yana tsoron a cire masa kuɗin gyara daga albashi, sannan yana tsoron kunya gaban ɗalibin da ya fi shi saurin hannu a waya.

Wani dattijo da ke koyar da Hausa a wurinmu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya tare ni wata rana bayan yara sun watse.

"Malam, don Allah in ba ka sauri, ka nuna mini inda ɗ da ƙ suke a cikin abin nan. Duk tambayoyin da na kai a buga mini a kasuwa, sai su dawo babu lanƙwasa."

Na ce, "Baba, ai wannan mai sauƙi ne, kawo wayarka mu fara da ita."

Muka sa masa madannan Hausa a Gboard, manhajar rubutu ta waya, daga baya muka koma kwamfuta. Yanzu da kansa yake buga tambayoyin jarabawarsa, yana kuma shigar da makin ɗalibansa a Excel. Ba zai taɓa yin wannan tambaya a zauren otal gaban ɗaruruwan mutane ba. Ya yi ta ne saboda ta shafi darasinsa, kuma saboda ya san gobe ma zai gan ni in ya manta.

Haka muka ɗora. Mun buɗe zauren WhatsApp da malaman makarantun da ke kusa. Wanda na'urarsa ta nuna saƙon da bai gane ba, sai ya ɗauki hoton allon ya turo, wani ya amsa masa da muryarsa. Yawancin matsalolin ƙanana ne: waya ta sassauta, ƙurar hunturu ta toshe fanka, batirin sola ya gaji. Waɗanda suka fi ƙarfinmu muna kiran wani matashi mai gyara daga kasuwa, ƙungiyar iyaye da malamai ta biya shi in akwai kuɗi.

Sai dai duk wannan a kan sa kai yake tafiya, kuma abin yana damuna. Darussana ba a rage ba. Zaman bayan tashi kuma yana barin malamai mata a baya, domin da yawansu gida na jiransu. In ana so su amfana, dole lokacin ya shiga cikin jadawalin makaranta.

Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin bai-ɗaya, kuma daga ciki akwai kason horar da malaman firamare da ƙaramar sakandare. Ina fatan a karkatar da wani abu daga irin wannan kuɗi, da na jihohi, zuwa cikin makarantun kansu: a rage wa malami ɗaya darussa don ya riƙa zama da 'yan uwansa, a ɗauki mai gyara ɗaya ga kowace shiyya, a ba mu lambarsa. NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, tana da cibiyoyin karatu a jihohi, ana iya bi ta nan a riƙa bibiyar waɗanda suka je bita.

Abin da na rubuta na nema daga ofishin shiyyarmu a wannan zangon kuwa bai buƙatar ko kwabo: takarda daga sama da ke cewa na'urar da ta lalace ana cikin darasi, ba za a ɗora wa malami ko shugaban makaranta kuɗinta ba. Shugabanmu ya sa hannu a ƙasan nawa, kuma muna jiran amsa.