Wanda bai iso ba tukuna

A shekarun da na yi ina aikin kula da fakin a gefen titi, maganar da kunnena ya fi sabawa da ita ita ce “yanzu zan fito”. Mai shiga banki yanzu zai fito, mai ɗauko yaro daga makaranta yanzu zai fito, kuma yawancinsu da gaske suke. Farkon fara aikina nakan ji nauyinsu ƙwarai, domin ga mutum tsaye gabana yana roƙo, ni kuma ban ga wanda motarsa ta cuta ba.

Wani yammaci wani bawan Allah ya tsaya daidai inda aka kwantar da dakalin gefen titi domin masu keken guragu. Ya ce, “Haba ofisa, minti biyu, magani zan karɓo.” Na ce ya yi sauri. Ko ƙofa bai gama shiga ba sai ga wani dattijo yana turo matarsa a keke. Ya tsaya ya dubi motar, ya dubi tsayin dakalin, sannan ya juya keken da baya yana ƙoƙarin sauke ta kan kwalta, ga motoci na wucewa dab da su. Na ruga na kama gaban keken muka sauke ta. Hannun matar na rawa a kan ƙarfen. Dattijon ya ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana.” Na ce, “Amin, Baba,” amma kasa haɗa ido na yi da shi, don ni na ba da wurin.

Daga ranar na gane wanda nake wa aiki. Mai mota yana nan, yana da baki, zai kare kansa. Mai keken guragu, direban motar asibiti, ’yan kwana-kwana da za su nemi bakin famfonsu, duk ba su iso ba tukuna, kuma ni aka tsayar a madadinsu.

Da na koma ina bin tarihin aikin, sai na tarar tun asali haka abin yake. Mitar fakin ta farko, wato na’urar da ake zuba wa kuɗi gwargwadon lokacin da mota za ta tsaya, an kafa ta ne a birnin Oklahoma na Amurka ranar 16 ga Yuli, 1935, kuma wani ɗan jarida mai suna Carl Magee ne ya kawo dabarar. Abin da ya jawo ta shi ne ma’aikata kan ajiye motocinsu tun safe a gaban shaguna har yamma, mai zuwa sayayya ya rasa inda zai tsaya. Shi ma Farfesa Donald Shoup na Jami’ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda ya ƙare rayuwarsa yana nazarin fakin, shawararsa ita ce a daidaita kuɗin tsayawa yadda kusan kashi 85 cikin ɗari na wuraren za su cika, a bar gurbi ɗaya ko biyu a kowane layi domin mai zuwa. Birnin San Francisco ya gwada hakan tun daga 2011.

Abin da ya fi ba ni wuya kuwa shi ne manya. Wanda ya sauke gilashi ya ce “ka san ko ni wane ne?” ya fi mai roƙo wahalar sha’ani. In ka ƙyale shi, mai ƙaramar motar da ka ci tara ɗazu yana kallo daga tsallake, kuma daga ranar doka ta zube a idonsa. Birnin New York ya sha wannan. Tsakanin 1997 da 2002 jami’an diflomasiyya da ke Majalisar Ɗinkin Duniya sun tara takardun tara sama da 150,000 ba su biya ba, saboda rigar kariya da suke da ita. A ƙarshen 2002 aka fara ƙwace lambar motar duk wanda bashinsa ya taru. Masana tattalin arziki biyu, Raymond Fisman da Edward Miguel, sun bi alƙaluman suka ga karya dokar ya ragu da kusan kashi 98 cikin ɗari. Mutanen dai su ne, titin ma shi ne. Abin da ya canja kawai shi ne kowa ya tabbatar hukunci zai hau kansa.

Sai dai hukuma ma tana da nata laifin, kuma wannan ina faɗarsa da ciwo a raina. Fenti ya goge a kan kwalta, reshen bishiya ya rufe allo, sannan a turo mu da janwe da abin kulle taya. Inda duk gari ya mayar da tara hanyar cika baitulmali, jami’insa yakan koma maharbi, ya laɓe yana jiran a yi kuskure maimakon ya ɗaga hannu ya hana. Na taɓa cin wata baiwar Allah tara, ta kira ni ta ce in zo in duba daga inda take zaune. Na sunkuya ta tagar motar, allon ba ya ganuwa sam. Ni na rubuta rahoton da aka soke tarar da shi, na kuma nemi a sare reshen.

Tun daga nan ba na ɗora biro a takarda sai na je daidai kujerar direba na duƙa na duba ko ana ganin alamar. In mai motar yana kusa, nakan fara nuna masa inda zai koma. Amma gaban dakalin keken guragu da bakin famfon kashe gobara, ko minti ɗaya aka roƙa ba na bayarwa.