Na'urar faifai lafiyarta ƙalau, hanyar ce ta toshe

Sana'ata gyaran kwamfuta da kwafar faifai, ni da yara biyu da nake koya wa aikin. Tsofaffin kwamfutocin tebur da ake kawo mana da ƙorafin cewa na'urar DVD ta gaji, yawancinsu na'urar ba abin da ya same ta. Alamun ba sa canzawa. Faifan da ya kamata a gama kwafa cikin 'yan mintoci sai ya ci rabin awa, fim na sarƙewa, sauti na yankewa, kibiyar linzami ma tana tafiya da ƙyar.

Hanya biyu ce bayanai ke bi daga faifai zuwa cikin kwamfuta. A tsarin PIO, furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da ayyukan kwamfuta, ita ce ke dakon komai da kanta, ta ɗauko ta ajiye, shi ya sa sauran ayyuka suke tsayawa cik. A tsarin DMA kuwa, bayanan na zuba kai tsaye cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, furosesa ta samu sarari. Iyakar gudun PIO a mataki na 4 shi ne megabait 16.6 a daƙiƙa, Ultra DMA 2, wani mataki na DMA, kuma 33.3. To rubuta DVD a gudun 16x yana neman wajen megabait 22, ka ga PIO ba za ta iya ba ko an yi mata dole.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mai kwamfutar ba ya sanin lokacin da na'urar ta sauka daga DMA ta koma PIO. Windows XP, idan ta yi karo da kuskuren karatu har sau shida a kan layin IDE da ke haɗa na'urar da kwamfuta, sai ta rage gudu, a ƙarshe ta koma PIO ta zauna, ba sanarwa. Faifai ɗaya mai ƙarzuwa ya isa ya jawo haka.

Kwanaki ƙaramin yarona ya riga ya ɗauko sukuddireba zai cire wata na'ura. Ya ce, "Maigida, wannan ta mutu, a sa sabuwa." Na ce ya dakata ya buɗe Device Manager, ya shiga Secondary IDE Channel, ya duba Advanced Settings. An zaɓi "DMA if available", amma a ƙasa ga "PIO Mode" ɓaro-ɓaro. A irin wannan hali sake zaɓa ba ya magani. Muka cire direban layin, wato manhajar da ke tafiyar da shi, gaba ɗaya, muka sake kunna kwamfutar, Windows ta girka shi da kanta, sai ga Ultra DMA Mode 2 ya dawo. Yaron ya sa faifai, ya kasa kunne yana jin yadda ƙugin ya daidaita.



Idan layin ya sake komawa PIO bayan kwana biyu, sai mu buɗe akwatin. Sau da yawa faffaɗar igiyar IDE ce ta lanƙwashe ko bakinta ya saki, wani lokaci kuma an sa 'yar jampa ta bayan na'ura ba daidai ba, na'urori biyu da ke igiya ɗaya duk suna kan Master, matsayin da ɗaya kawai ya kamata ta riƙe. Igiya mai waya 40 ta isa Ultra DMA 2, amma duk abin da ya haura haka sai mai waya 80, kuma ita nake sakawa duk sanda na samu.

Faifai masu ƙarzuwa kuwa na ware musu kwamfuta guda a gefe. Duk wanda aka kawo, sai an ɗaga shi a haske an duba bayansa kafin a san inda za a sa shi.