Inda na kai wajen rarrabe dangogin malam-buɗe-littafi

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. Damina ta fara ja da baya a nan Kaduna, ciyawar bakin kogi ta wajen Gamji tana bushewa, ga kuma inda aikina ya kai.

Yanzu na daina fara duba launi. Ƙaho nake fara kallo, wato 'yan tsinkayen nan biyu da ke kansa. Malam-buɗe-littafi da 'yan uwansa masu tashi da dare rukuni ɗaya ne, Lepidoptera, sunan da Carl Linnaeus ya ba su saboda ɗan garin nan da ke manne wa yatsa in ka taɓa fiffike, wanda a madubin ƙara girma ƙananan ɓawo ne a jere. Na rana ƙahonsa siriri ne mai ɗan kulli a ƙarshe. Na dare kuwa ko zare ne kawai, ko mai gashi-gashi. 'Yan dangin Hesperiidae nasu kullin yana da lanƙwasa, kuma tashinsu fizge-fizge ne.

Daga ƙaho sai ƙafa. Duk ƙwaro ƙafa 6 gare shi, amma dangin Nymphalidae a kan 4 suke tsayawa, biyun gaba sun ƙanƙance sun naɗe a ƙirji. Na tabbatar da haka a jikin Danaus chrysippus, mai ruwan goro ɗin nan da ba ya rabuwa da tumfafiya. Ku ɗaga ganyenta ku duba ƙarƙashi, za ku ga tsutsar mai zanen fari da baƙi da rawaya tana ci hankali kwance. Gubar ruwan tumfafiya take tarawa a jikinta, shi ya sa tsuntsu ba ya son cin ta ko bayan ta zama malam-buɗe-littafi. Irin namu na Afirka ta Yamma fiffikensa na baya fari ne. To a nan abin ya fi burge ni: macen wani iri daban mai suna Hypolimnas misippus ta kwaikwayi kamanninsa har sai ka natsu kafin ka raba su, alhali namijinta baƙi ne mai manyan fararen ɗigo. Da launi ka dogara, sai ka haɗa iri biyu daban-daban wuri guda, ka raba mata da miji.

Dangin Papilionidae bai ba ni wahala ba. Duk mai lemun tsami a gida ya san Papilio demodocus, wanda tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take a kan ganye. Farare da rawayen da ke taruwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma Pieridae ne. Ɗaya daga cikinsu, Catopsilia florella, a kan tafasa da rai-ɗore take ƙwai.

Na dare su ne babban aikin, domin sun ninka na rana sau da yawa, kuma ba dangi ɗaya ba ne. Ina shimfiɗa farin zane kusa da fitila bayan isha'i in ɗauki hoto. Na gane Sphingidae da kaurin jiki da siraran fikafikai. Na kuma gane Spodoptera frugiperda ta dangin Noctuidae, uwar tsutsar da ke cinye masara, wadda aka fara ganinta a Nijeriya a 2016. Ina jin wannan kaɗai ya isa manomi ya damu da sanin dangogin nan.

Abin da ke gabana shi ne ƙananan shuɗɗan Lycaenidae. Wanda ya ɗauki hotonsu don Allah ya ɗauko ƙarƙashin fiffike, ya kuma rubuta ganyen da ya same su a kai.