“Wannan biron ne zai ɗauki gurmina?”

Ɗakin da nake kira situdiyo a Rikkos yake, nan cikin Jos. A da shagon tela ne, faɗinsa bai wuce taku biyar ba. Na jingina tsofaffin katifu biyu a bango, na rataya bargo a taga. Yawancin aikina tallan rediyo ne da waƙar biki, irin wadda mutum zai zo ya rera a kan kiɗan da aka riga aka haɗa a kwamfuta. Shi ya sa na daɗe da makirufo ɗaya tal, babba mai kwandon ƙarfe, irin wanda mawaƙa ke son a ɗauke su hoto a gabansa.

Bara da hunturu wani saurayi ya kawo kakansa, dattijo mai kaɗa gurmi, yana so a adana kiɗansa tun yana da ƙarfi. Na kafa masa babban makirufon nan, muka ɗauki waƙa biyu. Da na sa masa hedifon ya saurara, bai yi minti ɗaya ba ya cire.

“Ɗana, wannan ba gurmina ba ne. Kamar an jefa shi cikin randa.”

Gaskiyarsa. Gurnanin ƙwaryar ya fito, amma ƙarar yatsa a kan tsirkiya, wadda ita ce gishirin kiɗan, ta nutse. Na roƙe shi ya dawo bayan kwana uku, na je na aro wasu siraran makirufo guda biyu wajen wani abokina da ke ɗaukar mawaƙan coci. Da Baba ya ga na kafa ɗaya, sai ya kwashe da dariya, ya ce wannan biron ne zai yi abin da babban ya kasa? Na ce, “Baba, a gwada dai.” Wannan karon sai da ya saurari waƙar har ƙarshe.

Tun daga nan na shiga bin diddigin waɗannan makirufo, waɗanda ake kira kwandensa masu ƙaramin tantani. A cikin kowane kwandensa akwai wani tantani siriri ƙwarai a gaban farantin ƙarfe, da cajin lantarki a tsakaninsu. Sauti in ya bugi tantanin sai ya yi rawa, tazararsa da farantin ta canza, wannan canjin ne ke zama sigina. A babban makirufo faɗin tantanin kamar inci ɗaya ne. A siririn kuwa rabin inci ne ko ƙasa da haka, wato kamar milimita 12. Ka kwatanta fatar kuntigi da fatar babbar ganga: ƙaramar ba ta da nauyi, da an taɓa ta ta amsa, da an sake ta ta yi shiru. Shi ya sa siririn ke kama ɗan “tas” ɗin farko na tsirkiya, da bugun makaɗi a kan kalangu, da shigar iska cikin sarewa.

Akwai kuma abu na biyu da ban sani ba sai da na gwada. Sautin da ya zo wa siririn daga gefe ba ya jirkicewa sosai. Mai gurmi ba gunki ba ne, yana kaɗawa yana jujjuya jiki, kuma a ƙaramin ɗaki kamar nawa rabin abin da makirufo ke ji daga bango yake dawowa. Babban mai araha yana murɗe wannan sautin na gefe. Randar da Baba ya ji ke nan.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Ƙaramin tantani ba ya tara sauti da yawa, don haka ɗan “shuuu” ɗin da makirufon kansa ke yi ya fi fitowa. Kamfanoni suna rubuta adadinsa a takarda da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti: Rode M5 yana da desibel 19, babban NT1-A na kamfanin ɗaya kuwa 5 kacal. A kan kalangu ko ganga ba za ka taɓa ji ba. A kan mutum mai karatu da murya ƙasa-ƙasa daga nesa, za ka ji.

Na fara da kuskuren da kowa ke yi. Na ga wasu guda biyu marasa suna a wani shagon kayan lantarki, kuɗinsu bai kai na cefanen mako ba, na saya. Ɗaya ya fi ɗaya ƙara, kuma duka biyun kaifinsu kamar ana goga cokali a faranti. Araha ba ta ado. Suna nan cikin durowa.

Cikin waɗanda suka amsa sunansu, mafi sauƙin kuɗi da aka fi sani shi ne Behringer C-2. Biyu ake sayarwa tare, ƙasa da dala 100, da akwatinsu da sandar jera su. Yana da maɓallin da ke yanke gurnanin ƙasa, ko ya rage ƙarfin sauti da desibel 10, abin da ke da amfani in za ka kafa shi kusa da ganga. Samson C02 ma biyu-biyu yake zuwa. Sama da su kaɗan akwai Rode M5 na Ostareliya, wajen dala 200, an tantance su yadda bambancin ƙarfinsu bai wuce desibel ɗaya ba. Shi na saya daga baya, ta hannun wani da ke zuwa kasuwar Alaba a Legas, kuma shi nake aiki da shi har yau. Akwai Lewitt LCT 040 na Ostiriya, da Oktava MK-012 da ake ƙerawa a Tula ta Rasha, wanda ake iya canza masa kai. Shi kuwa Neumann KM 184 na Jamus, wanda ake auna sauran da shi, guda biyu sun haura dala 1,000. Wannan sai dai kallo.

Kafin ka sayi ko ɗaya, duba saun kad ɗinka, wato na'urar da ke haɗa makirufo da kwamfuta, ko mikisa. Kwandensa ba kamar Shure SM58 na masu wa'azi da masu biki ba ne, da za ka jona kawai ya yi magana. Yana buƙatar wutar bolt 48 da ake kira fantom, wadda ke biyo wayar XLR mai ƙafa uku. In babu maɓallin 48V a na'urarka, shiru za ka ji. Kuma ka rage lasifika kafin ka danna shi.

Wajen kafawa ne na fi ɓata lokaci, kuma nan ne riba take. Kada ka nufi tsakiyar fatar gurmi, gurnani zai yi yawa. Ina nufar inda sanda ta shiga ƙwarya, daga tazarar kamar taƙi ɗaya da rabi, sannan in toshe kunne ɗaya in zagaya da ɗayan har in ji inda kiɗan ya fi daɗi, in ajiye makirufon a nan. Haka nake yi wa garaya da jita. Goge kuwa daga sama nake ɗaukarsa, da ɗan nisa, don kada kukan izga ya yi yawa. In da 'yan amshi ko ɗaliban Islamiyya masu rera ƙasida, sai in haɗa kawunan biyun wuri ɗaya su yi kusurwar digiri 90, abin da ake kira XY. Akwai wani salon da gidan rediyon Faransa ya fito da shi, ORTF, inda ake raba su santimita 17 a kusurwar digiri 110. Ya fi faɗi a hedifon. Amma ni XY nake zaɓa, domin mutanenmu a lasifikar waya guda ɗaya suke saurare bayan an turo musu ta WhatsApp, kuma XY ba ya lalacewa in an haɗe sautin makirufon biyu a lasifika ɗaya.

Murya fa? Yana ɗauka, amma sai da lallashi. Siririn ba shi da kwandon da ke tare iska, kuma Hausa tana da haruffan da ke gwada shi. “F” ɗinmu da leɓɓa biyu muke busa ta, sai ka ji “buf” a hedifon. “Ts” da “sh” kuma, a makirufo mai kaifi, kamar allura suke. Wata mai waƙar biki ta rera “tsuntsu ya tashi” sau uku, sau ukun ina runtse ido. Na ce, “Anti, ɗan ja baya kaɗan.” Na ɗaga makirufon daidai goshinta yana kallon bakinta, na sa ragar tare iska a tsakani, sai abin ya daidaita. Duk da haka, ga mawaƙi ɗaya mai son muryarsa ta yi kauri, babban nake ɗaukowa.

Sai yanayin Jos. Da damina, Yuli zuwa Agusta, danshi yana shiga tantanin ya riƙa ƙaras-ƙaras kamar ana soya gyaɗa. Yanzu a cikin roba mai murfi nake ajiye su, tare da ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Da hunturu kuma ƙura ce, ba na barin su a kan sanda su kwana. Kuma suna jin komai: janaretan maƙwabci, keke-napep a kan titi, yayyafi a rufin kwano. Kiɗan gargajiya bayan sallar asuba nake ɗaukarsa, kafin unguwa ta tashi.

Baba ya dawo sau huɗu, muka ɗauki waƙa goma sha ɗaya. A ta ƙarshe ana jin ƙarar zobensa yana taɓa ƙwarya. Na ce zan goge, ya ce in bar masa abinsa, zoben mahaifinsa ne. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi jikansa ko nawa ake sayar da biron.